Karkacewar Babur Ɗin Baba

Zuwa ga mahaifina, Malam Sahabi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uba, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ni'ima a makwancinka. Mu nan Sakkwato lafiya lau muke, zafi dai yana nan yadda ka bar shi.

Baba, albishirinka: babur ɗinka ya tashi.

Tun rasuwarka yana jingine a zauren gidanmu na Mabera, har kaji suka mai da ƙarƙashinsa akurki. Bana na ce abin ya isa. Na kai shi wurin Ɗan'ige, wani bakanike a kusa da gidana na Arkilla. Injin bai ba mu wahala ba. Aka wanke kafireta, aka sa sabon fulogi, ya yi tari irin na tsofaffi ya kama. Aka yi masa baƙin fentinsa na da. Duk wanda ya gani sai ya tsaya.

Sai da na hau na san da sauran aiki. Kowane rami na ji shi har cikin haƙorana, ga shi yana ta rinjaya dama kamar jakin da ya hango gida. Muka kwance ƙafar gaba muka canza mai, muka sa sabon boris a wuya. Da muka zo baya, sai ga shokozoba biyu, masu shanye girgizar ramuka, ba iri ɗaya ba, sifirin ɗin na hagu ya fi na dama kauri. Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce Baba da tsimi, ko a nan sai da ya yi haɗe-haɗe. Ka yafe mini. Na sayo sababbi aka ɗaura.

Ramuka suka yi sauƙi, rinjayar ba ta daina ba.

Ɗan'ige ya ja zare daga tayar gaba zuwa ta baya, tayoyi a saiti suke. Wutsiyar firam, wato ƙarfen da ke riƙe da jikin babur, ita ce a karkace, daidai inda kujera ke zama. Hagu ya fi dama tudu, ga tsohon tabon walda a ƙarƙashin fenti. Nan take muka yanke maka hukunci: ka taɓa shan ƙasa da shi, ka gyara a ɓoye, ka shigo gida kana muzurai. Ɗan'ige ya ce in aka gasa tsohon ƙarfen nan aka buga zai iya tsagewa, gara a yanke wutsiyar a jona sabuwa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Kai ne kake cewa, "Firam shi na babur, saura duk riga ta." To in aka yanke, babur ɗin wa zan riƙa hawa? Amma barinsa a karkace ma bai yi mini ba. Na amince a yanka ranar Asabar.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na lallaɓa shi zuwa Mabera, don Inna ta gan shi kafin a taɓa. Ta fito zaure ta daɗe tana shafa kujerar. Ni kuma na shiga yi mata bayani kamar ni na ƙera shi, har da labarin faɗuwarka. Ta yi mini irin kallon da kake yi wa ɗalibi in ya tsallake layi. Ba zan manta abin da ta ce ba: "Wa yac ce muku hwaɗuwa ta? Wurin zamana na."

Sauran labarin ba ni ta ba wa ba, ƙanwata Hadiza ta juya ta ba wa, ina tsaye ina ji. Ashe a zamaninku a kaikaice take zama, ƙafafu biyu a hagu, ba irin hawan kabu-kabu na yanzu ba. Hanyar Wamakko kuwa lokacin sai a hankali, Inna tana ta zamewa, bayanta na ciwo. Kai kuwa ka lura da haka. Ka tafi wurin mai walda ka sa ya ɗaga gefen nata, ka nemo sifirin mai kauri ka sa a wajen, yadda in ta zauna sai kujera ta daidaita. Hadiza ta tambaye ta yaushe ke nan. Inna ta ja mayafi ta rufe baki, ta ce lokacin tana da cikin wani.

Ka san Inna da kunyar ɗan fari, har yau ba ta taɓa kiran sunana ba. Ni ne wanin, Baba.

Asabar ba a yanka komai ba. Muka ciro sifirin ɗinka daga cikin tarkacen da na zubar, muka wanke, muka mai da shi hagu. Ɗan'ige ya bi tsohuwar waldar ya ƙarfafa ta kawai, yana ta girgiza kai yana murmushi.

Washegari na ɗauki Inna zuwa Wamakko wurin 'yar'uwarta. Da farko ta ƙi, wai me mutane za su ce, alhali ta riga ta ɗauro lulluɓinta na zuwa biki. Tana zama, babur ya miƙe sak. Ko sau ɗaya bai rinjaya ba. Duk hanya faɗa take yi mini, wai ina taka birki kamar mai jin haushin titi, kai kam ba haka kake yi ba. Amma ina hango ta a madubi tana dariya, irin wadda rabona da ita tun kana nan. Na ji daɗin da ban san inda zan sa kaina ba.

Ka tuna yadda nake nacin ka ba ni in ɗana, kana cewa sai na girma? Na girma har da 'ya'ya ina jin ka hana ni. Ashe duk gidan nan, bayan kai da Inna, na riga kowa hawa.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya daidaita maka mazauni a Aljanna yadda ka daidaita wa Inna nata. Ya ƙara mata lafiya, Ya sada mu da alheri. Amin.

Ɗanka,
Nasiru