Lambar Baba

Misfala, Makka
12 ga Rajab, 1383 (1963)

Zuwa ga Yaya Mairama, a Kaduna.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Wada da yara. Mu nan alhamdu lillahi, ɗinkin yana tafiya.

Yaya, alfarma nake nema. 'Yata Hauwa ta shiga shekara tara, Larabci ya fi mata sauƙi a baki, amma tambaya ba ta ƙare mata. Ta ga tsohuwar rigar sojan Baba a akwati, ta ce in ba ta labarin kakanta. Na buɗe baki, sai na ga ban san komai ba sai kalmar Bama, ƙasar da ya je yaƙi. Shekara biyu ke nan da muka kai shi makwancinsa, babu sauran wanda zan tambaya.

An ce akwai ofishin da ke ajiye takardun tsofaffin sojoji. Tunda Malam Wada yana jin Turanci, ki roƙe shi ya bincika mana. Sunan da aka rubuta shi ne Sabo Gumel, ya shiga soja a 1941.

Ƙaninki,
Lurwanu

Misfala, Makka
20 ga Shawwal, 1383 (1964)

Yaya Mairama,

Bayan gaisuwa da barka da Sallah. Allah ya sa ciwon ƙafar nan ya yi sauƙi.

Wasiƙarki ta iso. Kin ce akawun ya shaida wa Malam Wada masu suna Sabo Gumel sun fi goma, sai da lamba. Kika ƙara da cewa lambar tana cikin littafin sallamarsa daga soja da kika ɓatar a garin Madani na Sudan, wai har yau abin yana cin ranki. Sau uku ina karanta wannan layin.

Ga lambar: NA 48213.

Za ki yi mamakin inda na samo ta. Yaya, ba ki ɓatar da littafin nan ba. Ni na ɗauke shi daga jakar da Baba ya ba ki ajiya, shekarar da muke tsinkar auduga a Sudan don neman guzurin ƙarasowa. Ina ɗan shekara goma sha biyar, abokan karatuna suna kirana ɗan askarin Nasara, wato ɗan sojan Turawa. Wata ranar Juma'a kina wurin ɗebo ruwa na zare shi, na kai bayan rumfa na cinna masa wuta. Kafin ya kama na tsaya ina kallon lambar, tun ranar kuwa ba ta bar kaina ba.

Ina tsaye a wurin lokacin da Baba ya zazzage jakar. Na ji ya ce miki, "Shekara biyar na rayuwata na ba ki riƙo, kika zubar." Kika yi ta rantsuwa kina kuka, ni kuwa har taya ku nema na yi. Wata huɗu bai amsa gaisuwarki ba. Da kuka yi aure da Malam Wada kika ce gida za ku koma, na san ba Makka kika ƙi ba.

Na yi niyyar gaya masa ba sau ɗaya ba. Ranar da zai cika ma na durƙusa kusa da kansa, ya tambaye ni ko ina da magana, na ce a'a, ruwa na kawo masa.

Ban san da wane baki zan roƙe ki ba. In kin fasa neman takardar, ba zan ga laifinki ba.

Ƙaninki mai laifi,
Lurwanu

Misfala, Makka
18 ga Zulhajji, 1384 (1965)

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Malam Wada da yara, da fatan an yi Sallah lafiya.

Shekara guda da wata biyu ban ji daga gare ki ba, har na daina leƙa gidan waya. Sai ga maƙwabcinku Alhaji Dawuda a shagona ana gobe hawan Arfa, ya miƙo mini ambulan. Na duba ciki, na girgiza shi, takardar ofis ce kaɗai, babu ko layi ɗaya daga gare ki. Na tambaye shi ko akwai saƙon baki. Ya ce cewa kika yi kawai, "Ka ba shi a hannunsa." Na fahimta.

Wani malami a unguwar Mansur ya fassara mini. Baba ya yi wata goma sha takwas a dajin Bama yana ɗaukar kaya a ka, an harbe shi a cinyar hagu a 1944. Ashe ɗingishin da nake jin kunyar a gan mu tare saboda shi ke nan. Sun rubuta halinsa mai kyau ne ƙwarai. A ƙasa akwai wurin da soja ke faɗin wanda za a sanar in ya mutu. Tunda Inna ta riga ta rasu, na ɗauka sunan Gwaggo, 'yar'uwarsa, zai sa. Sunanki ne a wurin, Yaya: Mairama, 'yarsa, shekara goma.

Jiya bayan La'asar na tara matata da yara, na karanta musu fassarar, sannan na gaya musu abin da ya sami littafin farko da wanda aka ɗora wa laifin. Hauwa ta dube ni ta ce, "Ya'ani, Baba, kai ne ka yi ƙarya?" Na ce ni ne.

Na kwafe takardar da hannuna. Ta ainihin ga ta nan na mayar miki ta hannun Alhaji Dawuda, don taki ce. Ba na cewa ki yafe mini yau. In kin samu iko ki aiko ko da gaisuwa ce ga yara, su ba su yi miki komai ba.

Ƙaninki,
Lurwanu