Tarin da Na Ji a Waya

Inna,

Ina gaishe ki da Baba da su Yaya. Ya ƙafar taki? Ya 'yar tawa?

Ni lafiya lau, sai gajiya. Binciken yana tafiya. Yaran da nake dubawa masu tarin fuka ne, wasu har da ƙanjamau tun haihuwa. Ba su iya fitar da kaki ba, shi ya sa da sassafe, kafin su ci komai, muke zura siririyar roba ta hanci mu ɗebo wanda suka haɗiye daga ciki. Uwa ta kau da kai, ni in danne hannuwan. Abinci kuwa ina ci, idan na tuna.

Inna, ranar da muka yi waya na ji 'yata tana tari a bayanki. Kin ce mura ce. Wataƙila hakan ne, kunnena ya lalace, ko kujera aka ja sai in ji tari. Duk da haka ki kai ta asibiti kafin ta karya. In sun fito da robar, kada ki bar wa baƙo riƙonta. Ke ki riƙe ta, kuma kada ki kau da kai.

Allah ya bar mana ke.

'Yarki, likita