Baba Ya Sake Hawa Alejo

Zongo, Lome
Ranar Lahadi, bayan La'asar

Zuwa ga Yayana Garuba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Hanan da yara. Yaya Libreville, yaya kasuwa, yaya ruwan saman nan naku da ba ya gajiya? Allah Ya ƙara buɗi, Ya tsare ku a ƙasar mutane. Mu nan lafiya lau muke, alhamdu lillahi. Yasmin ta ci jarrabawarta, Zahida kuma tana nan da surutunta. Ruwa ya shigar mana tsakar gida a watan jiya kamar yadda ya saba, amma bai kai ɗaki ba. Inusa zai taso zuwa wajenku jibi, shi zan ba takardar nan tare da ƙullin yaji da daddawar da Anti ta ce in nemo mata. Na zaɓi in rubuta ne saboda ni da kai in muka hau waya, kai ka yi faɗa, ni in yi kuka, a ƙarshe mu ajiye ba a ce komai ba.

Na saurari saƙon muryar da ka tura a zauren iyali na WhatsApp. Ka ce ka ga bidiyon wata ƙaramar mota tana hawan duwatsu a bakin teku, ka ce Baba na kwance ba lafiya, mijina kuwa yana can yana wasan yara da gemunsa. Ka ce hakan ya ƙara tabbatar maka gara Kawu Mahamadu ya zo daga Kamba ya tafi da Baba gida, inda za a kula da shi. Ba zan ɓoye maka ba, maganar ta yi mini zafi, kwana na yi ina shirya maka amsa a raina. Amma da na huce na ga ba laifinka ba ne, abin da aka nuna maka shi ka gani. Don haka ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe, ko da shayinka zai huce.

Ka san tun da hawan jinin nan ya buge Baba muka dawo da shi gidanmu. Ƙafa ta dawo, harshe ya dawo, hannun dama ne ya ƙi. Abin da ban taɓa faɗa maka sosai a waya ba shi ne yadda hannun nan ya karya masa zuciya. Ya ce shi Buraima ba zai ci abinci da hagu ba ko yunwa za ta kashe shi, sai dai in ba shi da cokali, yana karɓa yana kallon bango. Tsofaffin abokansa direbobi suka yi ta zuwa daga tasha, ya ce a ce musu yana barci, don kawai ba zai iya ba su hannu ba. Likitar motsa jiki, wadda muke ce wa kine, ta kawo masa ƙwallon roba ta ce ya riƙa matsawa. Ya ce mutumin da ya yi shekara talatin yana riƙe da sitiyarin tirela tsakanin Lome da Yamai ba zai zauna yana matsa ƙwallon yara ba, ya sa ƙafa ya tura ta ƙarƙashin gado. Matar ta ja ni gefe ta ce hannun bai mutu ba, amma in aka bar shi haka zai sandare ke nan. Daga nan magana ma ya rage, sai i da a'a. Zancen Kamba ya ba ni tsoro, Yaya. Garin da ya bari tun yana saurayi, ba kine, ba abokansa, kabarin Inna kuma yana nan Lome. Na san in ya tafi, zaman jiran mutuwa kawai zai je yi.

To, bari in zo kan wasan yaran. Mijina Baban Yasmin ya daɗe da wannan cuta tasa, ni ma na yi mita har na gaji. Motar ba ta fi tsawon kamu biyu ba, amma komai na babbar mota tana da shi, ƙafa huɗu duk suna ja, ga fitila, ga tayoyi masu laushi da ke kama dutse. Da rimot ake tuƙa ta daga nesa, ba ta gudu, rarrafe take yi a hankali. Shi da abokansa, wasunsu har da furfura, kowace Asabar suna Baguida wajen duwatsun da aka jibge don tare teku, ɗaya na tuƙi, ɗaya ya kwanta rub da ciki a yashi da waya a hannu, don in aka ɗauka daga ƙasa sai ta fito kamar motar gaske. In ya dawo daga shagon gyaran wayarsa kuma sai kwance-kwance, yau a canza inji, gobe a canza taya. Kishiyar da ba ta cin abinci nake ce mata. Amma ka san shi da kunyar surukai. Tun aurenmu bai taɓa zama tabarma ɗaya da Baba ba, bai taɓa kai loma baki a gabansa ba, in zai gaishe shi daga bakin ƙofa yake tsugunnawa, ido a ƙasa. Ranar da Baba ya tare a gidan, ya tattara motar da kayanta ya cusa a kwali ya ɗora saman kabad, ya ce in Baba ya gan shi da ita ƙasa ce kawai za ta tsage ya shige.

Wata Asabar da hantsi, an kawo masa wasu ƙarafan tagulla da ake sa wa a tayoyin gaba don su yi nauyi, ya kasa haƙuri. Ya leƙa ya ga ɗakin Baba shiru, ya ɗauka barci yake. Akwai tulin duwatsu da fasassun bulo da suka rage a tsakar gida tun gyaran katanga, nan ya saki motar. Ta hau ta kai rabi, ta wuntsila baya. Ya sake, ta sake wuntsilawa. Ina wanke-wanke sai na ji muryar Baba ta taga, da ƙarfin da na manta yana da shi, yana tambaya wane ne wannan direban da ke neman kashe mutane, ai ba a tunkarar tudu gaba da gaba da wuta cike, a sassauta ƙafa mana. Yaya, ban ga lokacin da mijina ya ajiye rimot ɗin a ƙasa ba, sai ƙeyarsa na hango a zaure, takalminsa ɗaya a nan ɗaya a can. Na yi dariya har na zauna a ƙasa, sai kuma na ji hawaye, don rabon da Baba ya haɗa magana mai tsawon haka an yi watanni.

Baba ya ce in ɗauko masa abin. Rimot ɗin hannu biyu yake so, hagu ya riƙe ya ja ɗan makunnin wuta da yatsa, dama kuma ya juya wani ɗan sitiyari a gefe. Ya kai hannun daman, yatsun suka zame. Ya gwada juya abin ya yi da hagu, bai yiwu ba. Ransa ya ɓaci, ya tura mini ya koma kallon bangonsa, na ce shi ke nan, mun ƙara masa ciwo. Da na faɗa wa Baban Yasmin, sai ya ɗauki rimot ɗin ya tafi shago. Ya samo murfin gwangwanin madara ya naɗe shi da robar tiyub, ya ɗaura a kan ɗan sitiyarin ya zama babba, yadda ko yatsu ba su rufe ba tafin hannu zai iya tura shi. Ya kuma canza wa motar giyar inji, tafiyarta ta ƙara sanyi. Sai ya ba ni ya ce in kai, kada in ce shi ya yi. Ni ce na zama 'yar aike, mutum biyu a tsakar gida ɗaya, wannan ya ce in gaya wa Baban Yasmin tayar hagu ta saki, wancan ya ce in gaya wa Baba batir ya cika, alhali kowa na jin kowa.

Kada ka ɗauka Baba ya zo ya nuna gwaninta. Ya kifar da motar nan ya fi a ƙirga, kullum kuma laifin mota ne ko na hanya. Tulin duwatsun ya sa masa suna Alejo, tudun nan na arewa da ya sha ba mu labarin yadda tireloli ke ƙarewa a cikinsa, ya ce sai ya haye shi ko a fasa. Bayan sallar Asuba a fito masa da kujera, bayan La'asar ma haka. Da kine ta zo ta gani, ta duba yatsun, ta ce a bar ƙwallon a inda take. A hankali aike ya ƙare, don mota ba ta jiran 'yar aike in za ta faɗi. Mijina ya koma tsugunnawa a gindin duwatsun da ɗan katako a hannu yana sa wa taya waigi, Baba na kiransa yaron motata. Har yau dai bai ɗaga ido ya dubi Baba ba.

Baba ne da kansa ya ce Alejon tsakar gida ya yi masa kaɗan, a kai shi inda manya suke hawa. Muka ɗauki tasi zuwa Baguida, fitarsa ta farko da ba asibiti ba. Bidiyon da ka gani ka yi fushi, ranar aka ɗauke shi, kuma Baba ne ke tuƙin. Yana zaune a kujerar roba, ina riƙe masa lema. Dalilin da ya sa ba ka gan shi ba, mijina ba zai iya saita waya a fuskar surukinsa ba, ya ce rashin kunya ne, shi ya sa ya kwanta a yashi ya bi motar kaɗai. Ka koma ka sake kallo. Wajen ƙarshe, inda motar ta tsaya a kan babban dutsen ta ɗan ja baya kafin ta haye, ka ƙara sauti, za ka ji gyaran murya. Ka san mai ita.

Kawu Mahamadu ya iso ranar Talata kamar yadda kuka shirya. Ni ban yi musu ba, ban kuma haɗa kayan Baba ba. Da ya yi sallama, Baba ya dogara sandarsa ya fito har zaure, ya miƙa masa hannun dama. Yatsun ba su gama rufewa ba, amma ya kama, ya riƙe. Da azahar na kawo tuwo da miyar kuɓewa, na ɗauko cokali kamar kullum, sai Baba ya ce in ajiye, in kawo ruwan wanke hannu. Lomar farko ta faɗi a kan rigarsa, Kawu ya yi kamar bai gani ba. Ta biyu ta kai baki. Ni dai na shige madafa na rufe ƙofa, kukan da na yi ta tarawa tun ranar asibiti ranar na yi shi. Da Kawu ya ɗauko zancen tafiya, Baba ya ce masa yana da mota a kan hanya, yaron motarsa kuma bai gama koyon aiki ba, ina zai tafi. Kawu ya yi mana kwanaki, shi ma ya karɓi rimot ya jefa motar a kwata, ya koma Kamba shi kaɗai. Sai dai ya ce kai ne babba, magana ta ƙarshe taka ce.

Ba zan yi maka ƙarya in ce ya warke ba. Har yanzu ba ya iya sa maɓallin riga, carbi na zame masa, akwai ranakun da yake tashi ba ya son ganin kowa. Amma yana ci da hannunsa, abokansa sun dawo suna cika mini zaure da gardama, ni kuma na fara barci mai nauyi. Abin da nake roƙo, Yaya, ka kira shi ka faɗa masa da bakinka cewa zancen Kamba ya wuce, don na lura duk sanda wayata ta yi ƙara sai ya ɗago kai. Sannan in da hali ka ce wa Baban Yasmin ko sannu ce. Ya ji saƙonka, kuma tun ranar bai ƙara tura bidiyo ba. Baba kuma ya ce in za ka yi aike kada ka ƙara turo magani, ya ishe shi, ka nemo masa tayoyi huɗu masu laushi in ana samu a wajenku.

Ka gaishe mini da Anti Hanan da kyau, da Samir da Muhsinat, ka ce Gwaggonsu na kewarsu. Ka gaida Malam Ayuba maƙwabcinku da iyalinsa. Yasmin da Zahida suna gaishe ku, Baban Yasmin ma ya ce a gaishe ka, Inna Salamatu ta gidan gaba tana tambayarka kullum. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri, Ya ji ƙan Inna, Ya ƙara wa Baba lafiya.

Na karanta wa Baba takardar nan kafin in naɗe, na tsallake wurin kukan. Ya ce in ba shi biro. Rubutun ajamin da za ka gani a ƙasan sunana, wanda ya karkace ya hau tudu, sunansa ne. Ya daɗe yana yi, na miƙa hannu zan taimaka ya ture ni. Da hannun dama ya rubuta.

Taka ƙanwa har kullum,
Ruƙayyat