Ɗaurin Gwaggwaron Iya

Fagge, Kano.

Assalamu alaikum, Yaya Musiliu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyalinka a Kumasi, Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a nema. Mu nan da sauƙi. Ƙannenka kuwa, Akeem ya kama shago a unguwar Bata, Quadri kuma yana nan da rigimarsa kamar yadda ka bar shi. Amma lafiya lau ɗin da muke ce maka a waya ba gaskiya ba ce, Iya ce ta hana mu faɗa, ni kuma na gaji da yin shiru.

Ka san Iya da gwaggwaro. Tun bara ta fara karkato ɗaurin yana rufe mata kunnen hagu. Matan da ke sayen atamfa a wurinta a Kantin Kwari suka ɗauka sabon yayi ne, har wasu suka sa masa sunanta, suna cewa ta koya musu ɗaurin Alhaja Adijat. Mu ma muna ta yi mata tsiya wai tsufa ya zo da gayu. Ashe ƙullutu ne take ɓoyewa a ƙasan kunne. Da na gani ranar da nake mata kitso, ta ce hangum ne. Da ciwo ya yi tsanani ta je Sabon Gari aka cire mata haƙori mai lafiya. Sai da idonta na hagu ya daina rufuwa ta yarda muka je asibiti.

An yi hoton kai, an ɗebi tsoka an gwada. Likita ya ce ciwon daji ne a wurin da ke samar da yawu, irin wanda ba kasafai ake gani ba, kuma yana bin jijiyar fuska kamar zare a cikin yadi, har ya kai gindin ƙoƙon kai. Ya ce likitan kunne da na ƙwaƙwalwa za su haɗu su yi aikin, daga baya a gasa wurin ciwon da na'ura. Za ta rasa jin wannan kunnen, rabin fuskar ma ba zai ƙara motsi ba. Ya kuma ce idan abin ya ƙara shiga ciki, babu wuƙar da za ta kai wurin. Wallahi Yaya, tsoro nake ji.

Ga inda matsalar take. Iya ta ce tun da Baba ya rasu, ba mai taɓa kanta sai babban ɗanta ya zauna a gabanta ya ce a yi. Na ce a kira ka a waya, ta ce ba a yanke maganar rai a waya. Kawu ya yi magana, liman ya yi, ta kafe. Ka san halinta, ai naka ne.

Akeem da Quadri suna gaishe ka. Ka gaida Anti Damilola da yara, ka ce su sa kakarsu a addu'a. Don Allah kada ka ce sai bayan Sallah. Yau da safe na shiga kai mata koko, ta dube ni da kyau, ta tambaye ni wace ce wannan da ke tsaye kusa da ni. Ni kaɗai ce a ɗakin. Likita ya riga ya gaya mana cewa duk ranar da ta fara ganin abu bibbiyu, ciwon ya kai jijiyar ido. Ka hau mota ka taho.

Taka ƙanwa mai jiran isowarka,
Fareedah.