Waƙoƙin da Babu Sunana a Kansu

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙauna,

Bayan gaisuwa da girmamawa, Mama, shekara biyu ke nan da rasuwarki, amma har yanzu ke nake fara nema idan abu ya tsaya min a rai.

Mako uku da suka wuce, ranar Talata, maigidana Ayuba ya shigo yana murna da hoton murfin faifansa na farko. Waƙa takwas ce a ciki. Shida ni na rubuta, a bangon littattafan soyayyar nan da kike cewa za su cinye min ido. Na duba gaba, na duba baya, sunana ba ya ko'ina.

Na tambaye shi a hankali. Ya yi dariya, ya ce haka ake yi a situdiyon da ke unguwar Kabong, wanda ya riƙe makirfo shi ke da waƙa, kuma ai ni da shi jiki ɗaya ne.

Kin tuna kaset ɗin matar nan 'yar ƙasar Kuba da kike sawa a rumfarki ta Gada Biyu kina suyar masa? Ko kalma ɗaya ta yarenta ba kya ji, amma kina bin ta. Kikan ce, “Wannan murya, an yi mata ba daidai ba.”

Na nemi tarihinta a waya, ashe gaskiyarki ce. Ita ke tsara waƙoƙin, ita ke ɗora musu kiɗa, sunan mijinta kuma ake bugawa a faifai. Sai da ya rasu, ta yi furfura, sannan aka fara kiran sunanta a dandali. Sau uku na karanta ina neman inda ya roƙe ta gafara, kamar yadda ake yi a littafi. Ban samu ba.

Ina son Ayuba, Mamana. Bai taɓa yi min tsawa ba, in ya shiga kasuwa har littafi yake sayo min. Shi ya sa abin ke cin raina. Ina tsoron ɓata zaman lafiyar gidana, ina kuma tsoron in tsufa a kujerar baya ana tafa wa wani saboda maganar zuciyata.

Allah ya ba ki hutawa a wurinsa, ya tausasa zuciyar Ayuba, ni kuma ya ba ni ƙarfin hali.

Na rubuta sabuwar waƙa, kuma ba zan ba Ayuba ita ba. Ranar Lahadi ni zan rera ta a taron zumuntar mata na cocinmu, na riga na ce wa shugabarmu ta faɗi sunan wadda ta rubuta.

'Yarki,
Rifkatu