A Cire Injiniya Daga Katin Biki

Ƙanena Mu'awiya,

Gaisuwa mai yawa daga Jamus. Ya ƙafar Inna? Ya mutanen Fakku?

Lafiyata lau. Aikina a masana'anta ka san shi: haske mai launuka yakan fito daga zaren gilashi ya bazu, ni kuma in saita masa madubi ya miƙe. Bana hannuna ya fara rawa, abin da na saita duk dawo mini da shi ake yi don bai daidaita ba. Sun mayar da ni naɗe kwali, ni da na koyar da kimiyya a Tambuwal.

Na ga katin bikin 'yata Hamdiya, Allah ya sa albarka. Don Allah ku cire "Injiniya" daga sunana kafin a raba. In ta tambaya, ka ce ba na son fariya.

Yayanka,
Abdulhamidu