Ɗari Bisa Ɗari a Makarantar Tudu

Guava Bottom, Jamaika
Lahadi, 21 ga Satumba

Zuwa ga mijina Linval,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata sanyin Kanada bai fara shiga maka ƙashi ba, kuma bayanka ya yi sauƙi da hawan tsani a gonar tuffa. Ka gaida Mas Joe da sauran mutanenmu da kuke kwana ɗaki ɗaya.

Mu nan ga yadda muke. Mahaifiyarka, Mama Ivy, ƙafarta ta sake kumbura, yau ko coci ba ta je ba, amma bakinta lafiya lau. Autanmu Dwayne ya rabu da tarin nan, ya koma cin abinci kamar gara. Akuya ta haifi biyu, ɗaya bai zo da rai ba. Ni ina nan, sai hawan jinin da ka sani. 'Yarmu Kimoya ce ban san a wane layi zan sa ta ba. Jikinta ƙalau, amma ba ita ba ce.

Ka san yadda take da kayan makarantarta. Tun ranar da sunanta ya fito a Makarantar Tudu, ranar da ka ɗora ta a kafaɗa ka zaga gari da ita, ba ta taɓa barin shuɗin siket ɗin nan ya taɓa ƙasa ba. Ni nake guga, ita tana tsaye a kaina tana cewa, "Mama, ninkin nan ya karkace." Satin nan a kan kujera na tsinci kayan a cukuikuye. Abinci ma sai ta tsakuri doya ta ture kifin. In na tambaya ta ce ba komai. Ga shi kuwa shekarar ƙarshe ce, jarrabawar fita na tafe.

Jiya ta miƙo mini takarda daga makaranta, ana nemana wajen mataimakiyar shugaba. Na karanta na sake karantawa, ban ga inda aka ce ta yi laifi ba.

Wataƙila ma alheri ne. Sun rataya sabon ƙyalle a bakin ƙofar makarantar, daga wannan ginshiƙi zuwa wancan. Ranar kasuwa na sa direba ya tsaya na karanta shi da kaina: duk ɗalibin da ya zauna jarrabawar lissafi bara ya ci, ɗari bisa ɗari. Direba yana ta danna hon yana cewa, "Mis Delrose, jarida kike karanta mana ko tafiya za mu yi?" Na ce masa makarantar 'yata ce, ya jira.

Wannan wasiƙa ban ba Kimoya ta duba mini ba kamar yadda na saba. In ka ga harafi ya kwanta, ka tashe shi da kanka.

Matarka,
Delrose

Guava Bottom
Lahadi, 5 ga Oktoba

Linval,

Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya. Ƙafar Mama Ivy ta ɗan saɓe. Dwayne lafiya. Ni kam tun da na dawo daga makarantar nan kaina bai daina sara ba.

Na je. Na sa rigata ta coci. Mataimakiyar, Misis Goulbourne, ta karɓe ni da fara'a, ta ce, "Misis Wint, zauna mana. Kimoya yarinya ce mai ladabi, wajen tsafta ba mu da kamarta." Sannan ta ce a gwajin da aka yi musu farkon zango Kimoya ba ta kai makin da makaranta ta yanke ba a lissafi da kimiyyar halittu. Saboda haka makaranta ba za ta sa sunanta a jarrabawar waɗannan biyun ba. Za ta zauna Turanci, da ɗinki, da buga keken rubutu, da ilimin addini.

Na ce, "Amma Mis, aikin jinya take so, kuma ba a ɗaukar mutum makarantar jinya sai da waɗannan biyun." Na tuna mata cewa bara, tun da malamin lissafinsu ya tafi Ingila, ajinsu bai sake ganin malami ba sai bayan bikin Ista. Ta ce ta sani, su ma abin ya dame su, amma malami ɗaya ya rage, kuma ajin masu ƙoƙari aka ba shi. Sai ta kama hannuna ta ce, "Sunan makarantar nan ya girme ni, ya girme ki. Shi ne abin da 'yarki za ta ɗauka ta fita da shi. In muka bar kowa ya zauna, sunan ya zube, me za mu ba su?"

Linval, tun a mota na shirya maganganuna. Ka san bakina a kasuwa, ba mai taka ni. Amma da na ga littattafai har rufi, da hotunan tsofaffin shugabanni suna kallona daga bango, sai na koma matar nan da take dangwala yatsa a banki kafin ajin yamma na coci ya koya mata riƙe biro. Ka san abin da na ce? Na ce, "Na gode, Mis."

A baranda na tarar da iyaye mata jere a benci, kowacce da rigar coci da irin takardata a hannu. Ba wadda ta kalli 'yar'uwarta. Ɗaya ma cewa ta yi ita maganar allurar rigakafi ta kawo ta.

Da na fito na sake karanta ƙyallen. Ba ƙarya suka rubuta ba. Duk wanda ya zauna ya ci. Wanda aka hana zama kuwa ba ya cikin lissafi.

Kafin Asabar labari ya riga ni kasuwa. Ina jera doya sai Mis Pearl mai albasa ta ɗaga murya: "A'a, uwar likita! Yau ina ɗaga kan? Ki kawo ta Kejin Awaki mana, mu ba ma zaɓen awaki, da mai ƙaho da gurguwa duk ciki." Na ce ta ji da albasarta da ta fara ruɓa. Amma maganar ta bi ni gida.

Kada ka yi fushi. Na je Kejin, wato sakandaren bayan kasuwa, mai kayan ruwan ƙasa. Abin da ake faɗa gaskiya ne. Shinge a yage, awaki a filin wasa, yara a waje ana tsakiyar darasi, ɗakin gwajin kimiyya famfo ɗaya ke zuba. Na sami malamin lissafinsu, Mista Dacres, yana cin burodi a tsaye. Ya ce, "Mama, ba zan rufe ki ba. Nan kowa yana zama jarrabawa, shi ya sa kike jin sakamakonmu a bakin 'yan tasha. In ta zo zan sa sunanta a duka biyun, zan kuma zauna da ita bayan an tashi. Ko za ta ci, ban sani ba. Shekara guda ta rasa, ni kuma watanni ne a hannuna."

Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. Ba zan cire ta daga Tudu ba sai da yawunka, don kai ka ɗauke ta a kafaɗa. Ka yi tunani ka rubuto.

Matarka,
Delrose

Guava Bottom
Lahadi, 26 ga Oktoba

Linval mijina,

Gaisuwa. Mas Joe ya iso lafiya, hannunsa da ya karye a can yana ɗaure, ya kawo mini wasiƙarka da takalman Dwayne, sun yi masa daidai. Mama Ivy ta tashi har tana shara. Ni ce dai ba na barci, Kimoya kuma ta rame har siket yana juyawa a ƙugunta.

Na karanta abin da ka ce. Ka ce malaman Tudu sun fi mu sani. Ka ce 'yarka ba za ta sa ruwan ƙasa ba, hotonta da shuɗi yana manne a saman gadonka, har mutanen Meziko da kuke aiki tare sun san sunan makarantar. Mama Ivy tana bayanka. Cewa ta yi, "Jikata a Keji? Ku bari ku kai ni makabarta tukuna, ba nisa."

Ba na ce ba ka da gaskiya ba, abin da ke kashe ni ke nan. Babbar 'yar Mis Pearl ta ci darussa biyar a Keji, ta kai takardarta kantin magani neman aiki, mai kantin ya ga sunan makaranta ya ajiye takardar gefe, ya ɗauki 'yar Tudu mai uku. Na sani. Amma makarantar jinya ba ta karɓar launin siket a madadin lissafi, wannan ma na sani.

Bari in gaya maka yadda take wuni yanzu. In an shiga lissafi ko kimiyya, ita da sauran da aka cire sai a tura su ɗakin karatu su zauna shiru. Yara suna kiran su 'yan hutu. Littafin kimiyyar da ka aiko mata bara, mai hoton zuciya a bango, na gan shi a ƙarƙashin gado.

Ranar Alhamis aka yi bikin ba da kyaututtuka. Aka sauko da ƙyallen nan don mai ɗaukar hoto na jarida, aka ce ana son ɗalibai biyu masu kyan shiga su riƙe shi. Misis Goulbourne ta bi layi tana duba ninkin siket da farin riga. Linval, Kimoya ta zaɓa. 'Yarmu ce ta riƙe gefen da aka rubuta ɗari bisa ɗari, aka ce ta yi murmushi, ta yi. Jiya hoton ya fito. Yau a coci har Fasto ya ɗaga jaridar, mutane suna tafi suna juyowa suna kallona. Na zauna na sunkuyar da kai, suka ɗauka kunya ce.

Da muka dawo gida ta ajiye jaridar a kan tebur ta ce, "Mama, kin iya guga." Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ma faɗan ta yi.

Na ce ta gaya mini abin da take so, ko mene ne zan tsaya mata. Ta ce, "In na zauna a Tudu, ba ni da jinya. In na koma Keji, in ratsa kasuwa da ruwan ƙasa kowa yana nuna ni, sannan in zo in faɗi, ba ni da jinya ba ni da Tudu. Ku zaɓa mini ke da Dadi. Ni na gaji." Wannan ita ce yarinyar da take ɗaure wa akuya ƙafa da tsumma tun tana 'yar mitsitsiya, ita take auna mini jini, ita take wanke wa Mama Ivy ƙafa.

Ɗazu da yamma Mis Pearl ta zo har gida da ƙunshi. Tsofaffin kayan Keji na 'yarta ne, ruwan ƙasa, a wanke a ninke. Ba ta yi tsiya ba, ba ta ko zauna ba. Ta ce, "Delrose, in ba ki yi amfani da su ba ki mayar mini, ba wanda zai ji." Na rataye su a bayan ƙofa, ƙusa ɗaya da shuɗin. Ina rubutun nan ina kallonsu.

Mista Dacres ya aiko cewa ranar Juma'a, 14 ga Nuwamba, ake rufe sunayen masu jarrabawa. Bayan ranar ko shi ba abin da zai iya. Kai kuma sai Disamba za ka dawo. Don Allah ka ba ni amsa kafin ranar. In wasiƙa za ta makara, ka kira wayar shagon maƙwabciyarmu Mis Dell, za ta aiko a kira ni. In ka sake cewa shuɗi, zan ci gaba da guga, ba zan ƙara tayar da maganar ba. In ka ce ruwan ƙasa, ni zan riƙe hannunta mu ratsa kasuwar tare. Abu ɗaya nake roƙo: kada ka ce mini in yi abin da na ga ya fi, don ni ba na ganin komai.

Na yanko hoton jaridar na sa maka a ciki. Ta yi kyau ƙwarai. Ka dubi idanunta da kyau, kuma kada ka manna shi a bango sai ka ba ni amsa.

Mama Ivy da Dwayne suna gaishe ka. Kimoya ba ta san na rubuta ba. Ubangiji ya kiyaye ka.

Matarka mai jiran amsa,
Delrose Wint